Shekarar da Na Mayar da Akwatin Sule

Tun da na ajiye aikin koyarwa kuke yi mini ƙorafi a kan abu ɗaya, wani a gabana, wani a bayan idona. Wai don me duk wata in fansho ya shigo sai na tsakuri wani abu na kai wa masu koya wa fursunoni sana'a, alhali rufin ɗakina yana yoyo. Babbar yayarku har cewa ta yi Baba ya zama uban ɓarayi, zarto yake saya musu. Na yi dariya ranar, ban ba ta amsa ba. To ga amsar yau, tunda na kai shekarun da ba ni da sauran wanda nake ɓoye wa fuska. Labarin baffanku Sule ne, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, wanda aka ce muku ya tafi ci-rani Kudu ya rasu a can. Ni na ƙago wannan maganar da bakina, kuma ƙarya ce.

Sule mutum ne mai albarkar hannu, amma kansa ba ya zama wuri ɗaya. Ya fara faci ya bari, ya fara tireda ya cinye jarin, ya yi acaba ya kayar da babur ɗin mutane. Ni kuwa a lokacin ni ne hedimasta a firamarenmu ta Kutama, in liman ya yi tafiya ni ake turawa gaba, kuma tun rasuwar mahaifinmu ni ne babba a gida. Ku da kuka san ni da furfura ba ku san irin son girman da na yi ba. Ni mutum ne da in rigata ta taɓa ƙasa sai na koma gida na sake wata. Ana nan, wani rani, Sule da wasu abokansa suka ɗauke injin ban-ruwa a fadamar wani bawan Allah can wajen Durun, a ƙasar Kabo, aka kama su wajen sayarwa. Alƙali ya ba shi shekara biyu. Ina cikin kotun, a can baya, na jawo hula har gira. Da na hau babur zan dawo, tun daga Kabo har Gwarzo ban yi tunanin inda ƙanena zai kwana ba. Abin da nake ta juyawa a raina shi ne me zan ce wa mutane a ƙofar masallaci.

Kafin in iso gida na samo dabara. A garuruwanmu in an gama girbi samari kan watse neman kuɗi, ba wanda ke tambayar wani ina ɗansa ya nufa. Na shiga wajen Inna, kakarku, tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Ku sani Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, don ni ne ɗan fari. Mai makaranta take ce mini, kuma ko magana za ta yi da ni sai ta kalli gefe.

"Inna, Sule ya samu mota ya wuce Kudu," in ji ni. "Ya ce in roƙa masa gafara, sauri ne ya hana shi sallama."

Ba ta ɗago ba. Ta ɓare gyaɗa biyu ko uku tukuna.

"Allah ya tsare," ta ce. "Allah ya ba da abin da aka je nema."

Shi ke nan, ƙarya ta samu wurin zama. Duk Sallah in shiga kasuwar Gwarzo in sayi atamfa da sabulu in kawo mata, in ce Sule ne ya aiko. Ta karɓa ta sa albarka. In na fita, dattawa su ce, "Malam Garba, yaya mutan Kudu?" In ce suna gaishe ku. Kowa ya san ɗan ci-rani da ruwan fari yake dawowa gona. Damina ta farko ta wuce, ta biyu ta kama, ba wanda ya ce mini wane irin ci-rani ne wannan da ba ya ƙarewa. Ni kuwa ina ta yaba wa kaina wayo. A shekara biyun nan sau biyu kacal na je duba shi, shi ma sai na zagaya ta hanyar da ba za a gan ni ba.

Ranar da aka sake shi ni na je na taho da shi. Ban wuce da shi gida kai tsaye ba, sai da na biya kasuwa na saya masa sabuwar jaka da burodi da takalmi, don ya shiga gari da kamar matafiyi. A hanya na karanta masa abin da zai riƙa faɗa, sunan gari da irin aikin da ya yi. Duk abin da na ce, sai ya ce, "To, Yaya." Amma a 'yan kwanakin farko na lura ba Sulen da na sani ba ne ya dawo. Ya ari hama a maƙwabta ya gyara ƙyauren ɗakin Inna da ya shekara biyar yana jan ƙasa. Ya tsinto guntayen katako ya haɗa mata 'yar kujera. Da muka keɓe a gona ya ba ni labari. Ashe a gidan yarin akwai wata rumfa a baya inda ake koyar da kafinta. Mai koyarwar wani dattijo ne, Malam Bitrus, mutumin Kudancin Kaduna, wanda ya daɗe yana koyar da aikin katako a wata sakandare a Gwarzo. Da ya yi ritaya sai ya riƙa zuwa wajen fursunoni sau biyu a mako. Katako da ƙusa kuwa da karo-karon jama'a ake saye, 'yan kasuwa da masallatai da coci, don abin da ke zuwa daga sama ba ya kaiwa ko'ina.

"Yaya, ka san ban taɓa gama komai ba a rayuwata," in ji Sule. "To a can na gama tebur. Malam Bitrus ya hau kansa da takalmi ya yi tsalle, ko motsi bai yi ba. Ya sauko ya ce, kai kafinta ne. Kuma ya ce za a ba ni akwatin kayan aiki nawa na kaina."

Idonsa har ƙyalli yake. Na ce masa Allah ya sa, amma ya rage murya.

Bayan kamar mako uku sai ga Malam Bitrus a makarantarmu, a kan wani tsohon babur. Gajere ne, mai furfura, babban yatsansa na hagu ya rasa farce. Muka gaisa sosai, ya tambayi iyali da gajiya da damina, na sa aka kawo masa ruwa. Sannan ya ciro takarda daga aljihu.

"Malam, albishir na kawo," ya ce. "Akwatin Sule ya haɗu. Zarto, hama, kurfi, abin awo, duk abin da zai fara da shi. Saura sharaɗi ɗaya. A da mukan miƙa wa mutum a ƙofar gidan yari, sai muka ga wasu kafin su kai tasha sun sayar. Yanzu a garin mutum muke bayarwa, a gaban mai unguwa da dattawa, babbansa ya tsaya masa. In jama'a suka shaida, su ne za su fara ba shi aiki. Wanda garinsu ya karɓe shi ba kasafai yake koma mana ba."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi. A gaban mai unguwa! A ƙofar gidan da nake wucewa kullum ana ce mini ranka ya daɗe, a tara dattawa a ce ga ƙanen hedimasta, tsohon fursuna, kuma hedimastan ya shekara biyu yana yi musu ƙarya. Na ce ba za a iya kawo akwatin nan ofis a ba ni a rufe ba? Ya ce ba shi kaɗai ya kafa ƙa'idar ba, kuma ba katakon ne ke riƙe mutum ba, idon jama'a ne.

"Ai mai unguwarku ma, Malam..." ya fara.

"Kada ka sa mai unguwa a maganar gidanmu," na katse shi. "Kuma ma ka makara. Sule ya ce ba ya so. Jibi zai tafi Kudu. Ku ba wani mabuƙaci. Abin da nake roƙonka, maganar nan ta tsaya tsakanina da kai."

Ya ninke takardar ya mayar aljihu.

"Sulen ne ya ce ba ya so?"

"Shi ya ce."

"To, Allah ya kyauta," ya ce. "Ka gaishe shi. Ka ce masa hannunsa mai kyau ne."

Ban isar da gaisuwar ba. Da yamma na samu Sule yana wasa wuƙa a bakin rijiya, na ce masa malaminsa ya aiko, kuɗin sun ƙare, akwatin da aka samu an ba wani. Na ƙara da cewa kada ya damu, in an yi girbi ni zan saya masa kaya da kuɗina. Ya tsayar da wuƙar. Can ya ce, "Shi Malam Bitrus ɗin ne ya ce a ba wani?" Na ce shi ne. Ya ce, "To, Yaya." Ya ci gaba da wasa wuƙar har na bar wurin. Ban san cewa a wannan yammacin na kashe wani abu a cikinsa ba, ni a ganina na tsallake rijiya da baya.

Girbi ya zo, na yi ta cewa gobe, jibi. Gaskiya ita ce ina tsoron ya kafa rumfa a gari a fara tambayar inda ya koya. Shi kuma ya je Kabo neman aiki wajen kafintoci. Suka ga hannunsa suka yaba, suka ce a ina ka koya? Ya ce a Kudu, kamar yadda na karanta masa. Suka ce wajen wa, a wane gari, wane layi? Ya yi ta in-ina, don Sule bai iya ƙarya ba, ni ne gwani. Suka ɗauka akwai abin da yake ɓoyewa, suka sallame shi. Daga nan ya daina fita neman aiki. Ya daina taɓa katako. Tsofaffin abokansa suka fara tsayawa a ƙofar gida da babur suna yi masa fito. Ina gani, ina kawar da kai. Kafin ranin ya ƙare aka kama su da baburan sata, kuma a wannan karon an ji wa mai babur ɗaya rauni. Shekara bakwai aka ba shi, aka kai shi wani gidan yari mai nisa.

Washegari da hantsi na shiga wajen Inna, na riga na shirya maganata. Tana zaune a kan 'yar kujerar nan tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, Sule ya sake samun mota..."

"Garba."

Na ɗaga kai na duba bayana, don na ɗauka wani ne ya shigo. Shekarata arba'in da wani abu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Kuma ba gefe take kallo ba, cikin idona take kallo.

"Garba, in kai ba ka gaji da faɗa ba, ni na gaji da ji. Tun ranar da aka yanke masa hukuncin farko na sani. Matar mai unguwa ce ta zo ta gaya mini kafin ka iso da babur ɗinka. Atamfar da kake kawowa, ka ɗauka ban san ta kasuwar Gwarzo ba? Duk wata ina aika masa ƙuli-ƙuli da gari ta hannun direban da ke bin hanyar. Na ce kada ya gaya maka, kada ka ji kunya."

Na ce, "Inna, mai unguwa ya sani?"

"Wa bai sani ba? Liman ya sani. Masu tambayarka mutan Kudu sun sani. Kara suke yi maka. Sun ga kana rufa wa kanka asiri, suka taya ka riƙe bargon."

An ce kifi na ganinka mai jar koma. Kusan shekara uku ina yawo a gari ina taƙama da wayo, ashe gari guda ne ya haɗu yana lallaɓa ni kamar mai jinya. Na zauna daɓas a ƙasa, da farar rigata, ban ko kula ba. Amma ba ta gama ba.

"Abin da ya tsaya mini a rai ɗaya ne," ta ce. "Da na ji ana tara kuɗin kayan aiki, awakina biyu na sayar na ba mai unguwa ya kai wa malamin nan, na ce kada a faɗi sunana. Mai unguwa ya sa nasa, liman ya sa nasa. Har sun yi shawara bencinan Islamiyya shi za a ba ya yi. Muka yi ta jira a kira mu, shiru. Mai unguwa ya ce ba zai tambaye ka ba, kada ya tona ka. Ni ina ganin mutumin nan cinye kuɗin ya yi, ya bar mini ɗa ya lalace. Na bar shi da Allah. Kullum in na yi salla sai na kai ƙararsa."

Ku 'ya'yana, na sha ganin tashin hankali a rayuwata, na binne mahaifi, na binne mahaifiyarku, amma ban taɓa jin abin da na ji a wannan hantsin ba. Akwatin da na mayar, da awakin uwata aka saye shi. Mutanen da na ji tsoron su sani, su ne suka tara kuɗin, suna zaune suna jiran ranar da za su sa wa ƙanena albarka. Ga kuma tsohuwa tana kai ƙarar bawan Allah wajen Ubangiji sau biyar a rana a kan laifin da ni na yi. Na so in yi shiru, wallahi na so. Sai na ji bakina yana magana.

"Inna, ya kawo. Har makaranta ya zo. Ni na ce a mayar."

Farantin waken ya zame daga cinyarta, wake ya watse a tsakar gida, kaji suka yo kai. Ba ta kore su ba. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta daɗe tana kallona kamar baƙon da ya ɓato hanya ya shigo gidan mutane.

"Tashi," ta ce. "Ka fara zuwa wajen malamin nan ka nemo mini gafararsa. Sannan ka je ka gaya wa ɗan'uwanka da bakinka."

Daga ranar ta koma ce mini mai makaranta, har ta bar duniya.

Na je Gwarzo na samu Malam Bitrus a gidansa. Da na gama bayani ya riƙe kai da hannu biyu. Ya ce ranar nan ya so ya gaya mini mai unguwa na cikin masu karo-karon, na hana shi ƙarasawa, shi kuma da na roƙe shi ya rufe maganar sai ya ga bai kamata ya tsallake babban gida ba. Ya ce ya fi wata yana mamakin yadda Sule zai ce ba ya so. Kun ga yadda muka yi? Kowa ya yi kawaici, kowa ya kyauta a ganinsa, muka haɗu muka tura mutum rami da ladabi. Amma kada ku raba laifin, su kara suka yi, ni na yi ƙarya. Wataƙila ku ma kun daɗe da sanin wani abu daga ciki kuna yi mini irin ta kakanninku. In haka ne, ku daina, na ƙoshi.

Sule bai fito ba. A shekara ta uku tari ya kama shi a can ya rasu, ni na je na karɓo gawarsa, yana maƙabartar Kutama kusa da mahaifinmu. Na yi ta zuwa duba shi kafin nan, duk wata, ta babbar hanya. Amma zuwan farko shi ne wanda ba ya barina. Aka fito da shi wurin ganawa, ya rame, aka ce muna da minti kaɗan. Na gaya masa komai ban rage ba, kaina a ƙasa. Ina jiran ya zage ni ko ya tashi ya koma ciki. Da na ji shiru na ɗago, sai na ga yana murmushi, hawaye na zuba.

"Wato Malam Bitrus bai ba wani ba? Ya kawo?"

"Ya kawo, Sule. Ya ce a gaishe ka. Ya ce hannunka mai kyau ne."

Ya dubi hannayensa, ya juya su, ya goge ido da bayan ɗaya. Gandiroba ya ce lokaci ya yi. Sule ya miƙe, har ya juya, sai ya waiwayo. Ba da fushi ya faɗa ba, da irin muryar da yake ce mini to ya faɗa.

"Yaya, da ka ce mini kai ne ka hana, da na yi haƙuri na jira. Kai ai na saba."